Kwami biyu ko ƙofa mai nauyi: ta yaya ake gane abincin da dabba ta fi so?

Sadiya: Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan tsarin gwaji ce. Idan akwai haɗin abincin tumaki iri huɗu, ana so a san wanda suka fi so, shin ya wadatar a jera kwami huɗu a gaban garke, a auna abin da aka zuba da safe, a auna ragowar da yamma, wanda ya fi raguwa a ce shi ne gwani? Ana yin haka sosai, amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Dakta Nasiru: Wa alaikumus salam Malama Sadiya. Gara da bai kwanta ba. Matsala ta farko ita ce garken kansa. Idan an haɗa tumaki goma a kan kwami huɗu, ba zaɓin tumaki goma kika auna ba, zaɓin manya biyu ko uku ne masu tunkuɗe saura. Ƙananan za su ci abin da aka bar musu, ke kuma ki rubuta cewa sun zaɓa. Don haka kowace dabba da ɗakinta, amma shingen ya kasance wanda za su riƙa hangen juna, domin tunkiyar da aka keɓe ita kaɗai kuka za ta yi ta yi, ta ƙi cin komai.

Na biyu, yawan abin da za a zuba. Kowane kwami ya ɗauki abin da zai ƙosar da dabbar ko da shi kaɗai ta ci. In ta cinye wanda take so ƙarƙaf ta koma na kusa da shi, lissafin zai nuna kamar tana son na biyun, alhali rashin na farko ne ya kai ta. Duk ranar da aka ga kwami an lashe shi tas, awon ranar ya ɓaci.

Na uku, laima. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. A ce abinci A yana da ruwa kashi 70 cikin 100, B kuma kashi 10. Tunkiya ta ci giram 500 na A da giram 300 na B. A sikeli A ne ya yi nasara. Amma in an cire ruwan, ta ci giram 150 ne kawai na A, ta ci 270 na B. Saboda haka a ɗebi samfurin kowane abinci, da na ragowar, a busar a tanda mai zafin digiri 60 na tsawon awa 48 ko har nauyin ya daina sauka, sannan a yi lissafi da busasshen nauyi. A kuma ajiye ƙarin kwami na kowane abinci a cikin rumfar, a rufe shi da ragar waya yadda dabba ba za ta kai baki ba. Nauyin da ya sauka a cikinsa iska ce ta sha, sai a cire shi daga lissafi. Abin da ya zube ƙasa kuwa a shimfiɗa leda ko tire a tara shi, a mayar cikin ragowa.

Malam Habibu: Zan ƙara kan maganar Dakta ta fuskar lissafi. Dabbobi suna da son ɓangare. Wata hagu take nufa kullum, wata kuma kwamin da ya fi kusa da ruwa ko da ƙofa. Idan abinci huɗu ne a gurbi huɗu, a tsara kwana huɗu yadda kowane abinci zai zauna a kowane gurbi sau ɗaya, kuma dabbobin kada su fara da jeri iri ɗaya. In da hali a maimaita zagayen, ya zama kwana takwas.

Sai dai ni ban cika son jera huɗu gaba ɗaya ba. Idan ɗaya ya yi wa saura fintinkau, sauran ukun duk za su fito kusa da sifiri, ba za a san na biyu da na huɗu ba. Gwajin bibbiyu ya fi fayyace tsari. Abinci huɗu suna ba da haɗi 6, kowanne a yi shi sau biyu ana musanya dama da hagu, gwaji 12 ke nan ga kowace dabba. Abinci shida kuwa haɗi 15 ne, aikin na ƙaruwa da sauri, don haka a rage yawan abincin tun farko.

Ma'aunin da ake fitarwa mai sauƙi ne: abin da aka ci na A, a raba shi da jimillar A da B. In ya fito 0.5 babu fifiko, in ya doshi 1 an fi son A. Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne, dabba ita ce ƙwayar lissafi, ba rana ba. Tunkiya takwas a kwana goma ba samfuri 80 ba ne, takwas ne. A haɗa kwanakin kowace dabba a fitar mata da lamba ɗaya. Stuart Hurlbert ya yi dogon rubutu kan wannan kuskure tun 1984, har yau ana tafka shi. Ga misali don a ga nauyin abin: in ana ƙirga dabbobin da suka fi cin A ne kawai, cikin takwas sai duka takwas sun karkata gare shi kafin a ce ba dace ba ne, bakwai ba su isa ba. Cikin 20 ana bukatar 15, cikin 30 ana bukatar 21.

Dakta Rabi: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai tambayar da ta riga su: daga safe zuwa yamma me ake aunawa? Ba ɗanɗano ba ne kaɗai. Cikin awanni abinci ya riga ya isa ciki, kuma ciki yana mayar wa ƙwaƙwalwa da labari. John Garcia ya nuna tun 1955 cewa ɓeran da ya sha ruwan sakarin, wani sinadari mai zaƙi da ba sukari ba, sannan aka sa shi jin tashin zuciya yana guje wa wannan ɗanɗanon daga baya. Sau ɗaya ya isa, ko da ciwon ya zo bayan awanni. Ta ɗaya gefen kuma Anthony Sclafani ya riƙa ba ɓeraye ruwa mai ƙanshi marar amfani ga jiki, yana zuba musu sukari kai tsaye cikin ciki ta bututu. Suka koma son ƙanshin da aka haɗa da sukarin, alhali harshensu bai taɓa sukarin ba. Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah a Amurka ya shafe shekaru yana nuna irin wannan a tumaki da awaki.

Shi ya sa a ɗakin gwajin ɓeraye ake da hanya biyu daban. Akwai gwajin kwalba biyu na awa 48, ana musanya gurbinsu bayan awa 24, wanda asalinsa ke komawa ga aikin Curt Richter a Jami'ar Johns Hopkins. Shi ne a 1936 ya nuna ɓerayen da aka cire wa ƙullutun da ke saman ƙoda suna neman ruwan gishiri da kansu, suna tsira da shi. Wannan gwajin yana haɗa baki da ciki. Akwai kuma gajeren gwaji, inda ake buɗe wa ɓera bakin kwalba na daƙiƙa 5 zuwa 10 kawai, na'ura tana ƙirga lasa, a rufe, a buɗe wata. Wannan ya fi kusa da ɗanɗano zalla, don ciki bai samu damar sa baki ba.

Ga tumaki, kwatankwacinsa shi ne a ba su minti 5 zuwa 10, a rubuta kwamin da suka fara shinshina, wanda suka fara ci, da giram nawa. A yi wannan, a kuma yi doguwar hanyar. In sakamakon biyu ya saɓa, to a nan ilimin yake. Abincin da aka yi wa rububi a minti goma na farko amma aka yi watsi da shi a kwana na uku, yana da daɗi a baki ne, yana kuma yin wani abu a ciki.

Sadiya: Na gode Dakta. To idan ɗaya daga cikin huɗun shi ne abincin da suka saba ci fa, sauran ukun baƙi ne?

Dakta Rabi: To an riga an yi maguɗi kafin a fara. Dabbobi da yawa suna ɗari-ɗari da sabon abinci, su ɗan taɓa su bari, su jira su ga abin da zai biyo baya. Tumaki haka suke, ɓerayen daji ma sun fi kowa. Karnuka da kyanwoyi kuwa sau da yawa akasin haka ake gani, su ruga wa sabon a kwanakin farko sannan zumuɗin ya kwanta. Maganin duka biyun ɗaya ne: kafin gwaji, kowane abinci a ba da shi shi kaɗai na wasu kwanaki, biyar zuwa bakwai ga masu tuƙa, har yawan cin ya daidaita. A bambanta jerin tsakanin dabbobi, kada a ce duka sun ƙare da abinci iri ɗaya dab da ranar gwaji. Kuma a rubuta tarihin kowace dabba. Ɗan ragon da ya ga uwarsa tana cin wani abu yakan karɓe shi cikin sauƙi ko bayan dogon lokaci.

Malam Iliya: Da izininku malamai, ni ina ganin duk hanyoyin nan suna amsa ƙaramar tambaya ce. Kwami biyu yana gaya maka wanne aka fi so, ba ya gaya maka yawan son. Dabba za ta iya zaɓar A sau tara cikin goma alhali bambancin a wurinta kaɗan ne, tunda zaɓin kyauta ne. Za ta kuma iya zaɓar A don kawai B ya fi shi muni. Kamar mai saye ne: ba a sanin darajar kaya a wurinsa sai an tsawwala kuɗin an ga ko zai biya.

Hanyar ita ce a sa dabba ta yi aiki. William Hodos ya fito da tsarin a 1961: dabba ta danna wani maɓalli ta samu loma, loma ta gaba sai ta danna sau da yawa fiye da na baya, haka ake ta ƙarawa har ta haƙura. Inda ta tsaya shi ne ma'aunin. Marian Dawkins ta Jami'ar Oxford ta ɗauko wannan tunani ta shigar da shi binciken walwalar dabbobi, musamman kaji, a farkon shekarun 1980. Georgia Mason da abokan aikinta kuma a 2001 sun sa wa mink, wata 'yar dabba da ake kiwo don gashinta, ƙofofi masu nauyi, suna ƙara nauyin, suka ga irin wahalar da take yarda ta sha don ta kai ga ruwan iyo.

Ga tumaki ana iya yin faifan da za su tura da hanci, ko ƙofar da ake rataya wa nauyi. Lada ya zama ƙarami, kamar giram 10 zuwa 15, domin in ya yi yawa ƙoshi ne zai tsayar da ita, ba tsadar aikin ba. A kafa dokar tsayawa tun farko, misali in ta yi minti biyar ba ta taɓa faifan ba an rufe zama. Kowane zama abinci ɗaya, a jujjuya kwanakin.

Dakta Nasiru: Malam Iliya, ban musa ingancin hanyar ba, amma ban yarda a wulaƙanta gwajin kwami biyu ba. Horar da tumaki su tura faifai yana cin makonni, kuma ba duka ke koya ba. Waɗanda suka kasa sai a cire su, a bar masu ƙarfin hali da rashin tsoro, sannan a ce sakamakonsu na dukan tumaki ne. Ƙofa mai nauyi kuma tana auna ƙarfin wuya tare da so, babban rago zai tura abin da ƙaramar tunkiya ba za ta iya ba, sai an daidaita nauyin da nauyin jikin kowace. Ban da haka, tun 1963 Glen Jensen ya nuna ɓeraye sukan ci gaba da danna maɓalli don abinci alhali ga irinsa kyauta a gefe. Wato aikin kansa yana da wani daɗi a wurin dabba. Idan tambayar mai kiwo ita ce wanne haɗi za su ci sosai, sikeli da kwami sun amsa ta.

Malam Iliya: In tambayar ke nan, ko kwami biyu ma bai amsa ta ba, Dakta. A kiwo ba a ba dabba zaɓi, abinci ɗaya ake zuba mata. Sau da yawa abincin da ya sha kaye a gwajin zaɓi, in aka ba da shi shi kaɗai, ana cinsa daidai da wanda ya kayar da shi. Mai son sanin yawan ci sai ya yi gwajin kwami ɗaya, ya auna ci da ƙarin nauyin jiki na makonni.

Dakta Nasiru: Wannan kam gaskiya ce, na karɓa. Gwajin kwami ɗaya dole ne ya biyo baya. Maganar faifai ce har yanzu nake ganin ta fi dacewa da tambayar walwala.

Dakta Rabi: Akwai abin da ke goyon bayan ku duka. A 1978 Harvey Grill da Ralph Norgren sun riƙa ɗiga ruwa mai ɗanɗano a bakin ɓera suna ɗaukar hoton fuskarsa. In zaƙi ne sai ya riƙa fito da harshe yana lasar leɓe, in ɗaci ne sai ya wangale baki, ya girgiza kai, ya goge haɓa a ƙasa. Kent Berridge ya yi amfani da wannan ya nuna cewa ɓeran da aka rage wa sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa yana daina neman abinci, amma in an sa masa sukari a baki fuskarsa tana nuna jin daɗi kamar da. Ke nan jin daɗin abu da fafutukar nemansa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Faifan Malam Iliya yana auna fafutukar, gajeren gwaji yana kusantar jin daɗin, doguwar hanya kuma tana haɗa su da hukuncin ciki.

Hajiya Binta: Ni abin da ke damuna a tambayar shi ne neman gwani ɗaya. Masu kiwo a fili ba haka suke ci ba. Binciken da aka yi a Ingila, inda aka shuka ciyawa a gefe guda da kuloba, wani tsiro dangin wake, a ɗaya gefen, ya nuna tumaki da shanu suna cin kusan kashi 70 na kuloba da 30 na ciyawa, alhali suna da damar cin kuloba zalla. Kuma da safe sun fi karkata ga kuloba, da yamma su ƙara cin ciyawa. To wanda ya yi gwajinsa da ƙarfe takwas na safe da wanda ya yi da biyar na yamma za su kawo amsa daban, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A tsayar da lokaci ɗaya, ko a gwada duka biyun a ba da rahotonsu daban.

David Raubenheimer da Stephen Simpson sun faro da gwaji kan ƙwarin fara, suka nuna dabba tana da wani mizanin furotin da sitaci da take son cimmawa, tana haɗa abinci don ta kai gare shi. An gwada a kyanwoyi a 2011, aka ga suna daidaita cinsu wajen kashi 52 na kuzari daga furotin, 36 daga maiƙo, 12 daga sitaci. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, abincin yau da kullum da ake ba dabba a wajen gwaji yana juya sakamako. Tunkiyar da ke ƙarancin furotin za ta zaɓi mai furotin, gobe in ta ƙoshi da shi ta sauya. Dole a bayyana abincin tushe dalla-dalla a rahoto, kuma ya zama ɗaya ga kowa.

Sannan kada mu auna da harshenmu. Kyanwa ba ta jin zaƙi, ƙwayar halittar da ke gina makarɓin zaƙi a harshenta ta lalace, masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka tabbatar a 2005. Ɓera ba ya jin zaƙin asfatam, sinadarin da ake sawa a madadin sukari, wanda mu muke ji. Kaza kuwa ido da girman ƙwaya sun fi yi mata jagora, don haka in ana gwada ɗanɗano a kaji, launi da girman niƙa su zama ɗaya.

Malam Habibu: Hajiya ta tuna mini da mai zuba abincin. Dokin nan na Jamus, Hans, da aka ce yana lissafi, Oskar Pfungst ya gano a 1907 cewa motsin jikin mai tambaya yake karantawa. Wanda ya san wane haɗi ake fatan ya ci nasara zai iya fara ajiye shi, ko ya tsaya kusa da shi, ba da niyya ba. A sa wa abincin lambobi, wani daban ya riƙe makullin. A ajiye kwami biyun lokaci guda, mutum ya fita, kyamara ta yi kallo. Kwamin su zama iri ɗaya a launi da zurfi, a wanke su tsakanin gwaji, abincin kuma zafinsa ɗaya, don ɗumi yana tayar da ƙanshi.

Sadiya: Akwai wuri biyu da na ga kamar shawarwarin sun ci karo. An ce su riƙa ganin juna, to ba za su kwaikwayi juna ba? An kuma ce a zuba fiye da abin da za su iya ci, alhali biyu daga cikin haɗin masu hatsi ne sosai.

Dakta Nasiru: Tambayoyi masu kyau. Kwaikwayo gaskiya ne. Bennett Galef ya nuna a 1983 cewa ɓera yana shinshinar numfashin ɗan'uwansa ya koma son abin da wancan ya ci. A tumaki, a toshe shingen da katako daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa a daidai wurin kwami, sama a bar shi a buɗe. Tana ɗaga kai ta ga 'yar'uwarta, amma ba ta ganin inda ta sa baki. Maƙwabta kuma kada a ba su jeri iri ɗaya a rana ɗaya.

Maganar hatsi kuwa ta lafiya ce, kada a yi wasa da ita. Tunkiyar da ta cika tumbi da hatsi lokaci guda, tsami zai taru a tumbin, ta daina ci, ta yi zawo, ƙafa ta kama ciwo, wani lokaci ta mutu. Mafita ita ce a taƙaita lokaci, ba yawan abin da ke kwami ba. A cika kwamin, a janye shi bayan minti 10. A ɗaga yawan hatsi a hankali a kwanakin sabo, a kuma ba da busasshiyar ciyawa kafin gwaji. Wannan yana maganin wata matsalar ma: dabbar da yunwa ta ci ƙarfinta ba ta zaɓe, abin da ta fara tararwa take ci. Janye abinci na awa ɗaya ko biyu ya isa, ba sai an kwana da yunwa ba. Ruwa kuma yana nan koyaushe, a tsakiya, nesa ɗaya da kowane kwami.

Sadiya: Saura ɗaya. In aka samu wadda kullum hagu take ci, ko me aka zuba, a cire ta?

Malam Habibu: A gano ta kafin a fara. A yi kwana uku ko huɗu ana zuba abinci iri ɗaya a kwami biyun. Wadda ta ci fiye da kashi 80 daga gefe guda a duk kwanakin, an san halinta. A rubuta wannan iyaka a takardar tsari tun ba a ga sakamako ba, domin cire dabba bayan an ga lambobinta zaɓen sakamako ne. Kafin a yanke mata hukunci a duba ɗakin, sau da yawa rana ce ke bugun gefe ɗaya, ko maƙwabciyar da take so tana can, ko ƙofar da ake shigowa tana tsorata ta. A sauya mata ɗaki a sake gwadawa. In ta ci gaba, ana iya barinta cikin gwajin tunda musanya gurbi zai mayar da lambarta kusa da 0.5, illa dai za ta rage ƙarfin sakamakon. In kuma an cire ta, a faɗi dabba nawa aka fara da su, nawa aka cire, da dalilin kowace.